Abin da Ɗiyata Ta Ji a Bayan Labule

Shekara ashirin da biyu ina sayar da kayan mata a Gaya. Da tire ɗaya na fara, gumba da zuma da garin muruci, ina bi gida-gida. Yau ina da shago da ɗan ɗaki a bayansa, kuma daga Kamba har Malanbil da wuya a samu dillaliyar da ba ta san ƙofata ba. Idan mace ta zo da damuwa, ɗakin baya nake kai ta, in saki labule, in yi mata tambayoyin da uwarta ba za ta iya yi mata ba. Ba na ba da kaya sai na ji matsalar da kunnena, daga bakin mai ita. Wannan ce ƙa'idata. Sau ɗaya na karya ta, kuma a kan ɗiyata ta fari ne.

A wurinmu ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. A Tunuga na haife ta, a ɗakin innata, kuma da aka yaye ta inna ta riƙe ta. Ta taso tana kiran inna da Inna, ni kuma Yaya, yadda ta ji ƙannena suna kirana. Har yau haka take ce mini. Ni kuwa "ke" nake ce mata, ko in ce "yarinyar nan". Ubanta masunci ne, ya rasu tana ƙarama, ni kuma na sake aure a Gaya. Tana da shekara tara inna ta rasu, aka kawo mini ita. Na sa ta lakwal, makarantar boko. In an tashe su, sai ta shimfiɗa tabarma a cikin shago, dab da labulen ɗakin baya inda ya fi sanyi, ta yi aikin da aka ba su.

Ta yi karatu har ta samu bak, takardar gama sakandare, ta kama aiki a wata farmasi. Ita ta zaɓi mijinta da kanta, wani malamin lakwal mutumin Bengu, mai koyar da lissafi, shiru-shiru, ba ya ɗaga ido. Da biki ya matso na haɗa mata abin da ban taɓa haɗa wa kowace amarya ba: kazar amare, tsumi, zuma mai kyau, turaren tsuguno. Amma ban zauna da ita ba. Ƙanwata, wadda ke bi mini, ita na ba kwanukan ta kai mata, ita ce kuma ta yi mata bayani. Ban ga wani abu a cikin haka ba, don haka ake yi.

Wata huɗu da biki ƙanwata ta zo shago, ta zauna tana jujjuya kwalbar humra.

"Yaya, ɗiyarki fa akwai ƴar matsala."

"Ɗiyarki dai. Mene ne?"

"To, abin bai zauna ba."

"Wane abin? Ke da jikoki kike mini magana kamar budurwa."

"Ta ce babu daɗi tsakaninsu. Ta wajen shimfiɗa."

Wannan magana na ji ta sau dubu, na kuma san abin da ake ba mai ita. Na haɗa aya da dabino da kwakwa, na ƙara tsumi, na ba ƙanwata. Bayan wata guda ta dawo ta ce babu canji. Sai na ce a raina, to daga wajen mijin ne ƙorafin yake, na aika da bagaruwa da haɗin matsi. Shiru. Na ƙara mai ƙarfi. Har kwale-kwale na shiga, tunda gadar kan iyaka a rufe take, na ƙetara Malanbil wurin wata tsohuwa da nake ji da haɗinta. Da wata ce ba ita ba, da tun zuwan farko na ce a turo mini ita in ji daga bakinta. Ita kuwa ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

A wata na tara, farkon hutun lakwal, ta shigo gidana da rana da jaka ɗaya. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina wuni," ta shige ɗaki. Ƙanwata ta biyo bayanta tana haki, ta ja ni bayan kicin.

"Yaya, ashe har yau budurwa ce."

"Kamar yaya?"

"Babu abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya matso, jikinta sai ya ƙulle kamar an ɗaure bakin buhu. Ta riƙa rawar ɗari, tana kuka, tana ba shi haƙuri. Shi kuma bai taɓa tilasta mata ba."

"Me ya hana ki faɗa mini haka tun farko?"

"Ni ma sai jiya ta faɗa mini. Da cewa ta yi babu daɗi, ni kuma na kawo miki babu daɗi."

Na zauna a kan turmi. Wata huɗu ke nan ina aika wa yarinyar nan maganin matsi. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, ni kuma ina ta ƙara mata sakata, kuma tana sha tana tsugunawa don daga wurina ya fito.

Sauran maganar ta fi wannan nauyi. Uwar mijin da ƴan'uwansa mata sun fara tambayar ciki. Har an fara raɗe-raɗin ko shi ne ba namiji ba. Ita kuma ta ce ba za ta bari a ɓata masa suna a kan laifin da ba nasa ba. In aka koma lakwal abin bai gyaru ba, da kanta za ta roƙe shi takardarta. Na san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Wata uku ke nan ya rage wa auren.

Mun je wurin malam aka yi mata ruƙiya kwana uku. Mutumin kirki ne, ya ce mini shi bai ga aljani ba. Muka je matarnite, asibitin haihuwa, ungozomar asibiti ta duba ta ta ce jikinta lafiya lau, babu abin da ya rage, babu abin da ya ƙaru. Ita ce ta rubuta mata sunan wata likita a Yamai. Yarinyar ta fara zuwa, sau biyu a wata, ta hau kar, babbar motar fasinja, da sassafe ta kwana gidan wata ƴar'uwarmu ta dawo. Ina lura da jakarta. Ba takardar magani, ko ƙwaya ɗaya babu, sai idanu a kumbure. Da ta yi zuwa na uku na ce a'a. Ni ban taɓa yarda da kayan da ban gani ba, ba kuma zan fara a kan wannan ba. Na sa ƙanwata ta karɓo mini lambar likitar, na hau kar.

Ɗakin ba shi da warin asibiti. Babu allura, babu ma'auni. Kujeru biyu ne da wata doguwa ta kishingiɗa, da kwalin hankicin takarda a kan tebur. Matar ba ta kai ni shekaru ba, Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa amma tana fita.

Na ce, "Madam, ni na haifi yarinyar nan ta Gaya. Sana'ata kusan taki ce. Na zo in ga abin da kike ba ta."

"Ba na ba ta komai, Hajiya. Tana magana, ina saurare."

"Shi ke nan?"

"Wani lokaci ina yin tambaya."

"To me ta ce miki?"

"Wannan ba zan faɗa ba."

Na ji haushi, amma a nan ta fara kwanta mini. Ni ma da ina fitar da abin da ake faɗa a ɗakin bayana, da auren Gaya da yawa sun mutu. Na ce to, in ba za ta faɗi na yarinyar ba, ta faɗa mini na sana'ar, daga ina aka samo ta.

Ta ce wasu likitocin Turai ne na da suka lura da mata masu ciwon da ba a ganin dalilinsa a jiki, wata hannu ya ƙi motsi, wata murya ta ɗauke. Da aka bar su suna magana, kan ƙuruciyarsu da mafarkansu da duk abin da ya zo bakinsu, sai wasu suka samu sauƙi. Daga nan suka ce sha'awa ba ranar aure take faɗo wa mutum ba. Tun yana jariri ake gina ta, da yadda aka riƙe shi, da abin da ya ji, da abin da aka hana shi tambaya. Abin da mutum ya danne har ya manta bai mutu ba, yana nan ƙasa yana aikinsa, wani lokaci jiki ne yake faɗinsa. Ta ce na farkonsu har cewa ya yi ɗiya mace tana tasowa da jin an rage mata wani abu da ɗa namiji yake da shi, ta ji haushin uwarta, ta juya wurin uba.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Madam, maza uku na haifa bayanta, ni na yi musu wanka. Ban ga abin da za a yi wa hassada ba. Shi wannan likita yana da mata kuwa?"

Ita ma ta yi dariya. "Yana da. Matan da suka yi karatun a bayansa sun ce bai fahimta ba, ni ma ban ɗauki wannan ba. Su ne suka ce a fara duba tsakanin ɗiya da uwa kafin a je ga uba."

Nan dariyata ta tsaya.

"To ni ce ke nan."

"Ban ce ba."

"Ban taɓa dukanta ba. Ban taɓa ce mata komai a kan wannan ba."

"Komai?"

"Komai. Ƴar fari ce."

"Ni ma ƴar fari ce," in ji ta.

"To kin gani. Haka aka yi wa kowa, ga su nan da ƴaƴansu."

"Gaskiya ne. Ba abu ɗaya ne yake kama kowa ba." Sai ta ce, "Ke fa, Hajiya, da za a kai ki ɗaki, wa ya yi miki magana?"

Na ce gwaggona ce, kuma kalma biyu ta faɗa: ki daure. Ban san dalilin da ya sa na amsa mata ba. Ni na zo yin tambaya, sai ga shi ni ake yi wa.

Daga Yamai har Doso, daga Doso har gida, ban saya ko ruwa ba. Da jiki ne, na san abin yi. Da iska ce, na san ƙofar da zan buga. Amma a ce ciwo yana cikin maganar da ba a yi ba? Ta ina ake kama wannan? Yarinyar nan ba ta taɓa zuwa lakwal da yunwa ba. Duk atamfar da ta shigo garin nan mai kyau, ita ke fara ɗaurawa. Rashin kiran sunanta ba ƙi ba ne, ita ma ta sani. Na juya maganar ta kowane gefe ban ga laifina ba, kuma ban ji na wanku ba. Har yau a tsakanin nan nake.

Kwana takwas ina ɗaga abin. Ranar wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, ana yayyafi, na rufe ƙofar shago na aika aka kira ta. Na shigar da ita ɗakin baya na saki labule. Sai a lokacin na lura ba ta taɓa shiga ta zauna ba. Na nuna mata kujerar da mata ke zama. Na buɗe baki, tambayoyin da na saba yi ba tare da tunani ba suka ƙi fita. Na jawo kwaryar muruci na fara ɓarewa don hannuna ya samu abin yi.

"Ke. An ce kina son takarda."

"Eh, Yaya."

"Ba ki sonsa ne?"

"Ina sonsa. Shi ya sa."

"Yana da wani aibu? Ƙazanta, ko gaggawa, ko baƙar magana?"

"Ba shi da ko ɗaya."

"To me kike tsoro?"

Ta daɗe tana kallon labulen. Sannan ta ce, "Yaya, kin san ana jin komai daga can?"

Ta fara jero mini matan da ta ji. Wadda aka kai asibiti aka ɗinke washegarin biki. Wadda ta ce azarar ɗaki take ƙirgawa har a gama. Wadda ta ce in ta ji ƙarar babur ɗinsa cikinta ke murɗawa. Wasu ni kaina na manta da su, ita kuwa har yadda suke jan hanci ta riƙe. Ta ce ita ma ba ta san tana ɗauke da su ba, sai a ɗakin Madam suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kuma kullum maganarki ɗaya. Ki daure, ki sha wannan, ki tsuguna a wannan, zai ji daɗi. Shekara goma ina ji, zai ji daɗi, zai ji daɗi. Ban taɓa jin kin ce wa wata, za ki ji daɗi ba."

"Ina ce karatu kike yi."

"Ina karatu. Kunnena ne ban iya rufewa ba."

Na ajiye murucin. Na ce, "Ke da kike aiki a farmasi, su wa ke zuwa wurinku? Masu lafiya?"

"A'a."

"To nan ma haka ne. Wadda take lafiya da mijinta ba ta zama a kujerar nan ta ba ni labari. Humra take saya a waje ta wuce. Ke masu ciwon kaɗai kika ji, kika ɗauka duk mata ke nan."

Gaskiya ban taɓa tunanin haka ba sai da ya fita daga bakina. Har na tambayi kaina ko ni ma, da na shekara ashirin ina jin kuka, ban ɗauka duk mata ke nan ba.

Ta sunkuyar da kai. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "To ke fa, Yaya?"

Ƴar fari ba ta yi wa uwarta wannan tambaya. Ko ta biyu ba ta yi. Abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma na san in ta tashi, takardar ce za ta biyo baya. Sai na juya mata gefe, na kalli bango, na yi magana kamar da bangon nake.

Na ce farkon aurena da ubanta da wuya, ba zan yi ƙarya ba. Amma wata rana, kamar wata shida da biki, ya dawo daga kogi yana gyaran taru a gindin bishiya, ni kuma na taka ƙayar kifi a tsakar gida. Ya kira ni, ya ɗora ƙafata a kan gwiwarsa, ya sa bakin allurar taru yana cirewa a hankali, yana cizon leɓe kamar shi ke jin zafin. Sai na ji wani abu ya taso mini daga tafin ƙafa har wuya. Ni na ce masa mu shiga ɗaki, rana tsaka, tukunyar tuwo a kan wuta. Ban sha komai ba ranar, lokacin ko sunan kayan nan ban sani ba. Tuwon ya ƙone, uwarsa ta yi ta faɗa. Na yi mako ina jin kunyar kaina, ina zaton wani ciwo ne gare ni, don babu wanda ya taɓa gaya mini mace ma tana iya zama ita ce mai so. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙanwata.

Na ji wani sauti a bayana. Da na juya, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, kuma dariya take yi.

"Tuwon ya ƙone?"

"Ƙurmus. Har tukunyar sai da aka kankare da yashi."

"Baba?"

"Ke, ya isa haka."

Ta share fuska. Can ta ce, "To me ya sa ba ki gaya wa matan nan wannan?"

Na ce ba shi suke zuwa saya ba. Ban tabbata amsar gaskiya ce ba, ita ce dai ta zo mini.

Ba ta warke a ranar ba, kada wani ya ɗauka haka. Ta ƙara kwana tara a gidana, ta sake zuwa Yamai sau ɗaya. Sannan ta sa ƙanwata ta kira mijin. Ya zo da hantsi a kan babur, ya tsuguna a bakin zaure ya gaishe ni, yana kallon ƙasa ina kallon gefe. Suka daɗe a ɗakin ƙanwata. Abin da aka kawo mini shi ne ba ta roƙi takarda ba. Ta ce za ta koma, amma za ta ci gaba da zuwa Yamai, shi ma sai ya raka ta ko sau ɗaya ya zauna, kuma shi zai je Bengu ya ce wa uwarsa a daina tambaya. Ya yarda da duka ukun.

Da za su tafi, sau biyu hannuna ya kai kan kayan haɗina, na janye. Ban taɓa sallamar mace zuwa ɗakinta hannu wofi ba, sai na rasa yadda zan tsaya. Ta ɗaura jaka, ta hau bayansa, ta ce, "Yaya, sai mun zo." Ƙarfen baya ta riƙe, ba shi ba. Ina kallo ko za ta saki ƙarfen ta kama shi, wata kamyo, babbar motar kaya, ta shiga tsakaninmu a kwanar masu rake.

An koma lakwal, an yi wani hutun, auren yana nan. Babu ciki, uwar mijin kuma ba ta daina tambaya duka ba, ta dai rage. Ko Madam ce, ko maganarmu ta ranar Juma'a, ko haƙurin yaron nan, ko ma har yanzu da saura, ban sani ba. Sau ɗaya na daure na tambaye ta da bakina, ta biyo shago daga aiki. Na ce, "Ke, ya wancan zancen?"

Ta ce, "Muna nan, Yaya. A hankali."

Ban san iyakar abin da take nufi ba, ban kuma ƙara tambaya ba.